Agana: maganinta ya samu a 1796, amma sai a 1977 aka ga bayanta

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsofaffi ya san tabon nan. Ɗan zagaye ne a dantse, bai fi girman sisi ba, fatar wurin ta ɗan lotsa tana ƙyalli. Lamba ake ce masa. Ina yaro nakan sa yatsa in shafa na kakata idan tana tankaɗe, ita kuwa ba ta ko ɗago kai, sai dai ta ce, "Bar shi, ɗan nan, shi Allah ya sa ya tsare ni." A bakin masallacin unguwarmu kuma akwai wani dattijo makaho, fuskarsa duk zanzana tun daga goshi har haɓa. Sa'an kakata ne. Shi ba a yi masa lamba ba, agana ta kama shi yana ƙarami ta tafi da idanunsa biyu.

Yaran yanzu ko sunan cutar ba su sani ba, kuma wannan abin godiya ne. Amma iyayenmu sun san ta har suna sakaya sunanta, su ce 'yan rani, don da rani take tashi. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso a baki da fuska, su bi hannuwa da ƙafafu har tafin hannu da tafin ƙafa, su cika da mugunya. Mugun nau'inta yakan kashe kusan mutum uku cikin kowane goma da ya kama. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta kashe mutum miliyan 300. Tsohuwar cuta ce ƙwarai: an ga alamun ƙurajenta a gawar Fir'auna Ramsis na Biyar, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, kuma Abubakar Ar-Razi, likitan Musulmi da ya rayu a ƙarni na 9 zuwa na 10, ya yi rubutu na musamman yana bambance ta da ƙyanda.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne tazarar da ke tsakanin shekaru biyu. A 1796 aka samu rigakafin agana. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga wani a cikin jama'a ya kamu ne a 1977. Shekara 181 ke nan magani yana hannu, mutane suna mutuwa miliyan-miliyan. Idan maganin kaɗai ke kashe cuta, da tun zamanin kakannin kakanninmu aka gama da ita. Me aka rasa a tsakani?

Tun kafin Turawa su san wani abu game da rigakafi, mutanen Sin da Indiya da Turkiyya da wasu sassan Afirka sun lura da abu ɗaya: wanda ya yi agana ya tashi ba ya sake yin ta. Sai suka riƙa ɗibar mugunya ko ɓawon ƙurjin mai cutar, su tsaga fatar mai lafiya su shafa masa. A Sin ma niƙa ɓawon suke yi su hura a hanci. Mutum yakan yi cutar sama-sama ya warke, ya samu kariya har abada. A birnin Boston na Amurka, wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda ubangidansa Cotton Mather ya raɗa wa suna Onesimus, shi ya koya wa Mather wannan dabara. Da aka tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai ya ce e kuma a'a, ya nuna tabon da ke hannunsa, ya bayyana yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721, wani likita Zabdiel Boylston ya yi wa mutum 240 da 'yan kai, shida suka mutu. Cikin kusan 6,000 da cutar ta kama da kanta kuwa, 844 suka mutu. A shekarar nan dai Mary Montagu, matar tsohon jakadan Ingila a Santambul, ta sa aka yi wa 'yarta a Landan kamar yadda ta ga tsofaffin mata suna yi a Turkiyya.

Dabarar tana da babban aibi. Aganar gaske ake sa wa mutum, don haka yana iya mutuwa, yana kuma iya shafa wa na kusa da shi cuta mai cikakken ƙarfi. Abin da Edward Jenner ya kawo shi ne hanyar kauce wa wannan haɗari. Likitan ƙauye ne a Berkeley ta Ingila, inda manoma suka daɗe suna cewa masu tatsar nono da suka ɗauki ƙurajen hantsar saniya ba sa yin agana. Wani manomi, Benjamin Jesty, ya ma gwada a kan iyalinsa tun 1774. Ranar 14 ga Mayu 1796 Jenner ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa a hannun wani yaro ɗan shekara takwas, James Phipps. Bayan 'yan makonni ya sa wa yaron aganar gaske, ba ta kama shi ba. Ya buga sakamakonsa a 1798. Yau babu hukumar da za ta yarda a yi wa yaro irin wannan gwaji, kuma daidai ne a ƙi yarda. Amma daga ranar aka samu kariyar da ba ta yaɗa agana.

Matsalar farko ita ce kai maganin inda ake bukatarsa. Ruwa ne mai rai, zafi na kashe shi cikin 'yan kwanaki. A 1803 Sarkin Sifen ya aika da ayari ƙarƙashin likita Francisco Balmis zuwa ƙasashen da yake mulka a nahiyar Amurka, kuma da yake babu firji, sai aka ɗauki marayu 22 a jirgin ruwa. A yi wa biyu lamba, idan ƙurjin ya nuna a ɗebi ruwansa a yi wa biyu na gaba, haka har aka ƙetare teku. Jikin yara ne ya zama mazubin maganin. Daga baya aka koma shuka shi a fatar maraƙi, amma zafi bai daina cinye shi ba. Shi ya sa ƙasashen sanyi masu kuɗi suka kore agana ɗaya bayan ɗaya, a ƙasashe irin namu kuwa ma'aikaci zai yi tafiyar kwanaki da kwalba a jaka, ya isa ƙauye ya tsaga wa mutane hannu da ruwan da ya riga ya mutu. Lambar ba ta kamu ba, cuta ta zo ta kwashi waɗanda aka yi wa. Wa zai zargi mutanen ƙauyen idan suka gudu daji da zuwan mai lamba na gaba? Sai a farkon shekarun 1950 Leslie Collier, a Cibiyar Lister ta Ingila, ya gyara hanyar daskarar da maganin a tsotse ruwan jikinsa ya koma gari, wanda zai yi wata guda cikin zafi bai lalace ba.

Matsala ta biyu ta niyya ce. Ƙasar da ta kore cutar daga gidanta takan tsaya ga tsare iyakarta, ta bukaci matafiya su nuna katin lamba, ta bar sauran duniya da nata. Tarayyar Sobiyet ce, ta bakin mataimakin ministan lafiyarta Viktor Zhdanov, ta kawo shawara a taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 1958 cewa a kawar da agana gaba ɗaya, aka amince a 1959. Amincewar baki ce kawai, don hankalin hukumar da kuɗinta suna kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma daga baya ya ci tura. Sai a 1966 aka ware wa agana dala miliyan 2.4 a shekara, shi ma da ƙyar, da ratar ƙuri'a biyu. Aka ɗora Ba'amurke D. A. Henderson a kan aikin, aka fara a Janairun 1967. A lokacin cutar tana zaune daram a ƙasashe 31. Amurka da Sobiyet suna tsakiyar yaƙin cacar baka, amma a wannan aikin suka haɗa hannu, kuma Sobiyet ce ta ba da kaso mafi girma na maganin da aka bayar kyauta.

Akwai wani adadi da nake ganin shi ne zuciyar labarin. A 1967 waɗanda aka kai rahoton sun kamu a duk duniya kimanin 131,000 ne. Da aka bincika daga baya, sai aka gane ainihin adadin ya kai miliyan 10 zuwa 15. Wato cikin kowane ɗari, kusan ɗaya kaɗai hukuma ta sani. Ana yaƙi da abokin gaba ba a san inda yake kwana ba. Tsarin da aka gada shi ne a yi wa kashi 80 cikin 100 na jama'a lamba, a sa ran cutar za ta mutu da kanta. A wuri mai cunkoso kashi 20 ɗin da suka rage miliyoyi ne, ga jarirai ana haifa kullum. Masu lamba kuma sukan koma makarantu da bakin titi, su yi ta maimaita wa waɗanda aka riga aka yi wa don lissafi ya cika, rugage da unguwannin talakawa ba wanda ya leƙa.

A Najeriya aka ga wata hanyar ta yi aiki ƙarara. A Disambar 1966 aka sami labarin ɓarkewar agana a lardin Ogoja, a gabashin ƙasar. William Foege, wani likita Ba'amurke da ke aikin mishan a yankin, ya je ya tabbatar ita ce. Maganin da ke hannunsu kaɗan ne, babban kaya bai iso ba. Da dare suka hau rediyon oba-oba da 'yan mishan ke gaisawa da shi, suka raba musu yankin, suka roƙi kowa ya tura 'yan aike ƙauye-ƙauye su tambayo ko akwai mai ƙuraje. Kashegari da dare amsa ta dawo, suka san ƙauyukan da cutar take. Suka yi wa mutanen ƙauyukan lamba. Sauran maganin kuma suka zauna suka yi tambaya: wace kasuwa mutanen nan suke ci? Ina danginsu, ina surukansu, ina za su kai mara lafiya jinya? Suka riga cutar isa can. Foege ya taɓa aikin kashe gobarar daji yana saurayi, kuma manominmu ma ya san abin: ba ka bin wutar daji da tulu, share ciyawar da ke gabanta kake yi ta iso ta rasa abin ci. Annobar ta tsaya tun ba a yi wa rabin mutanen wurin lamba ba. Suka bi duk yankin gabas da wannan salo, kuma kafin yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967 agana ta yanke a can, bayan an yi wa kimanin mutum 750,000 cikin miliyan 12.

Ba Foege ne ya fara tunanin keɓe mara lafiya da yi wa makusantansa lamba ba, kuma a Madaras ta Indiya likita A. R. Rao ya kai ga irin wannan sakamako a 1968. Lambar gama-gari ma ba a daina ta ba. Shirin da Amurka ta ɗauki nauyi a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya yi amfani da allurar bindiga, wadda ake taka wa feda da ƙafa ta harba maganin cikin fata, tana iya yi wa mutum 1,000 a awa guda. A Arewa ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni ake tara jama'a su yi layi. A Jamhuriyar Nijar aka yi bikin cika mutum miliyan 100 a ƙarshen 1969. Abin da ya sauya shi ne abin da ake ƙirgawa: maimakon hannu nawa aka tsaga, sai aka koma tambayar ƙauye nawa ne har yanzu ke da mai agana. Suka kuma yi amfani da abin da sunan 'yan rani ya riga ya faɗa. A ƙarshen damina cutar takan ja baya ta rage a 'yan wurare kaɗan, don haka daga Satumbar 1968 suka zafafa nema a daidai wannan lokaci. A Mayun 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a duk yankin, a Najeriya.

Sai kuma wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, allura mai baki biyu, wadda Benjamin Rubin na kamfanin Wyeth ya ƙera. A tsoma ta a kwalba, ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin bakunan, a riƙe dantsen mutum a soka sau 15 da sauri har jini ya ɗan tsattsafo. Shi ke nan. Kwalbar da a da take isar mutum 25 ta koma isar 100. A tafasa allurar a sake amfani da ita, ba ta da abin lalacewa irin na bindiga, kuma cikin 'yan mintoci za ka koya wa wanda bai taɓa shiga aji ba. Wannan ya fitar da aikin daga hannun likitoci ya sa shi a hannun mutanen gari.

Indiya ce ta nuna girman abin da ba a sani ba. A Oktoban 1973 aka fitar da ma'aikata fiye da 100,000 su bi gida-gida. A jihar Uttar Pradesh, inda rahoton makon da ya gabata ya nuna 'yan ɗaruruwa, mako guda na nema ya tono kusan 6,000. Ma'aikata suna ɓoye adadi ne don a da wanda cuta ta ɓulla a yankinsa shi ake tuhuma da sakaci. Sai aka juya abin: aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labari, har da ma'aikacin. Mai nema yakan shiga kasuwa ko makarantar firamare da katin hoton jariri mai agana, ya ɗaga ya ce wa ya ga irin wannan? Yara su suka fi kowa faɗa, don babu gidan da ba sa shiga, kuma ba su iya ɓoyo ba. Gidan da aka samu mai cutar, a ajiye masu gadi a ƙofa dare da rana, a kawo wa iyalin abinci, a rubuta sunan kowa da ke kewaye a bi shi da allura. Da ɗan gari akan ci gari. A 1974 Indiya ta ƙirga kimanin 188,000, a Mayun 1975 ta ga na ƙarshe. A Oktoban shekarar, a tsibirin Bhola na Bangaladash, wata ƙaramar yarinya Rahima Banu ta zama ta ƙarshe da mugun nau'in ya kama a cikin jama'a. Yarinya 'yar shekara takwas ce ta kai labarinta, aka ba ta ladan taka 250, kuɗin Bangaladash.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ke sosa mini rai ba. A Indiya da Bangaladash an yi wurin da aka fasa ƙofa da tsakar dare, aka danne magidanci da iyalinsa aka yi musu lamba da ƙarfi, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin sun faɗa da bakinsu daga baya. An ceci rayuka, ba musu. Amma wanda aka danne ba ya mantawa, kuma yana ba 'ya'yansa labari. Mu da muka ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, mun san tsadar rashin yarda.

Na ƙarshe a duniya da ya ɗauke ta a cikin jama'a Ali Maow Maalin ne, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, ɗan shekara 23. Ya taɓa aiki da masu lamba, amma shi ya zille don tsoron zafin allura. A Oktoban 1977 wata mota ta zo da yara biyu masu agana, ya shiga don ya nuna wa direba hanya, tafiyar 'yan mintoci. Ranar 26 ga watan ƙuraje suka feso masa. An fara cewa zazzaɓin sauro ne, aka koma cewa ƙarambau ne, kafin a gane. Aka bi duk wanda ya yi hulɗa da shi, ba wanda ya ɗauka. Ya warke, ya shiga aikin yaƙi da shan inna yana ba iyaye labarin kansa, har zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa yana cikin aikin a Yulin 2013. Bayansa an yi asarar rai ɗaya: Janet Parker, mai ɗaukar hoto a makarantar likitanci ta Birmingham a Ingila, ta ɗauki cutar a ginin da ake bincike a kan ƙwayarta, ta rasu a Satumbar 1978. Ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa agana ta ƙare. Duk aikin ya ci kimanin dala miliyan 300, kuma kusan kashi biyu cikin uku ƙasashen da ke fama da cutar ne suka biya.

Mutane kan tambaya, to me ya hana a yi wa sauran cututtuka haka? Agana ta ba da kanta ta hanyoyin da wasu ba sa bayarwa. Ba ta zama a jikin dabba ko sauro, daga mutum sai mutum. Ba ta ɓuya: wanda ke yaɗa ta yana kwance, a fuskarsa take rubuce, tsohuwa a ƙauye ta gane ta ba sai da ɗakin gwaji ba. Tana ɗaukar kusan kwana 12 kafin ta bayyana, kuma lambar da aka yi cikin kwana uku ko huɗu da haɗuwa da mai cutar tana iya tare ta, wato maganin yana iya tsere wa cutar a cikin jiki ɗaya. Lamba ɗaya ta isa shekaru, ga tabo da ke nuna wanda aka yi wa ba sai an nemi kati ba. Shan inna kuwa, cikin kusan yara 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani, kuma ɗigon sai an maimaita sau da yawa. Shi ya sa aikin da aka fara a 1988 har yau bai kammala ba, ko da yake an tabbatar Afirka ta rabu da nau'in daji, wato wanda ba daga ɗigon rigakafi ya samo asali ba, a Agustan 2020. Cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa ta shanu ce, bushiya, a 2011.

Ƙwayar agana tana nan a daskare a wurare biyu da aka amince da su, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha. Ta zama ƙadangaren bakin tulu: an sha sa ranar ƙone ta ana ɗagawa, masu cewa a bar ta suna kafa hujja da binciken magani, masu cewa a ƙone ta suna tuna Janet Parker. A 2014 ma an tsinci wasu tsofaffin kwalabenta da aka manta a wani ɗakin ajiya na gwamnati kusa da Washintan. Ni dai ina tare da masu cewa a ƙone.

Da aka daina lamba a wajajen 1980 kuma, wata kariya ta tafi tare da ita ba a lura ba. Lambar agana tana tare 'yar uwarta, ƙyandar biri, wadda aka fara gani a jikin mutum a Kwango a 1970. Ta yi kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta a Najeriya ba, sai ga ta a Bayelsa a 2017, kuma yawancin waɗanda ta kama an haife su ne bayan an daina lamba. Tabon da ke dantsen matasanmu na yau na rigakafin tarin fuka ne. Irin na kakata sai a hannun wanda ya ba shekara 45 baya.